Haƙoran Malama a Gaban Alƙali

Zama na huɗu ke nan, kuma Malama ta riga ta san kotun nan kamar yadda ta san ajinta. Ta san bencin da ƙusarsa ke kama zane. Ta san fankar da ke juyawa don kawai a san tana raye. Ta san in an rubuta ƙarfe tara a takarda, sha ɗaya ake nufi, kuma masinjan kotu yana kiran sunan mutum ne kamar yana korar akuya daga gonarsa.

Abu ɗaya ya kawo ta: Lele, 'yarta mai shekara shida.

Shekara ɗaya da rabi da mutuwar aurenta da Manaja, mutumin bai taɓa tambayar ajin da yarinyar take ba. Sai da labari ya kai masa cewa akwai mai yin sallama a ƙofar gidansu Malama da la'asar, sannan ƙaunar 'yarsa ta taso masa gaba ɗaya, ya shigar da ƙara a ba shi riƙonta. Malama ta amsa cewa ba za ta miƙa yarinya ga hannun da ya zubar mata da haƙora biyu ba. Manaja ya ce sharri ne, a kawo shaida.

Shaidar kuwa ga shi can ƙarshen baranda, ya ɗora wani ɗan kwali a cinya ya rungume shi kamar mai jinyar jariri. Mai Haƙori ake ce masa, domin sana'arsa ke nan, haɗa haƙoran roba. Shi ya yi mata na gaban nan biyu shekara uku da suka wuce. Kuma, don Allah ya so a wahalar da lauyoyi, shi ne dai mai sallamar la'asar ɗin.

Shekararsa arba'in da shida, matarsa ta rasu da daɗewa, gashin kansa ya bi ta. Namiji in ya kai wannan shekaru, soyayya ba ta ramar da shi. Iyakarta ta sa ya sayi turaren da bai dace da shi ba, ya riƙa tsotse tumbi in ya hango wadda yake so. Malama ta saci kallonsa, ta ga ya tsotse ɗin. Ta kau da kai don kada murmushi ya kuɓuce mata, domin wata biyu ke nan da Barista, lauyarta, ta hana su ko gaisawa.

Jiya da yamma aka yi taron gida a kanta.

Yaya Babba, wanda ya zama uba tun rasuwar mahaifinsu, ya zauna a kujerar marigayin ya shimfiɗa mata hanya, a ganinsa mai sauƙi. Ta janye, ta ba uban yarinya 'yarsa, ai ba cinye ta zai yi ba. Sannan ga abokinsa Mai Gidan Mai, mutumin kirki, motoci uku, ya ce ya ji ya gani, yana so, amma ba zai auri matar da ke zaryar kotu ba, kuma gidansa ba ya ɗaukar agola. Shi kuwa wancan mai leƙen bakin mutane, in ji Yaya, muddin ta buɗe baki a bainar jama'a ta amsa akwai wani abu tsakaninsu, to ta nemi wani yayan.

Umma ba ta yi faɗa ba. Kuka ta yi, wanda ya fi faɗan ciwo.

"'Yar nan, ki rufa mana asiri," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Wace mace ce ba ta ga abin da kika gani ba? Haƙori da harshe ma sukan saɓa."

"Sukan saɓa, Umma," Malama ta ce. "Amma ban taɓa jin inda harshe ya zubar da haƙori ba."

"Kin ga irinta ko? Bakin nan naki shi ya ja miki."

"Shekara bakwai ina rufe shi, Umma. Da rufe baki yana magani, da yanzu ni ce likita."

Umma ta ƙara fashewa. Ta ce ita tsoronta kada alƙali ya ƙwace yarinyar, Mai Gidan Mai ya fasa, Yaya ya yi fushi, a tashi ba tsuntsu ba tarko. Malama ta durƙusa ta riƙe hannuwanta, ita ma hawayen na zuba, ta roƙe ta abu ɗaya: ta zo kotun gobe ta zauna ta ji, ko ba za ta ce komai ba. Shi ya sa yanzu Umma take zaune kusa da ita a kan benci, ta ƙudundune cikin mayafi kamar wadda aka kawo yi wa allura, Yaya Babba kuma yana tsaye nesa yana danna waya, don kowa ya san shi ba da son ransa ya zo ba.

Matsalar tana cikin kwalin nan.

Mai Haƙori yana da wata ɗabi'a da ya gada daga maigidan da ya koya masa aiki. Duk wanda zai yi wa haƙori, sai ya ɗauki zubin bakinsa da farar ƙasa. In zubin ya bushe, sai ya kife shi ya rubuta a ƙarƙashi da fensir: kwanan wata, da abin da mai bakin ya ce ya same shi. Ba ya jefar da ko ɗaya. Shagonsa cike yake da kantoci na bakunan mutane, kowanne na yi wa bango dariya.

To ranar da Malama ta fara zuwa, leɓe a kumbure, ta ce masa zamewa ta yi a banɗaki. Shi kuma bawan Allah ya rubuta.

Makon jiya ya karya dokar Barista, ya tare ta a ƙofar makaranta bayan an tashi yara. Ya daɗe yana kame-kame, ya tambayi lafiyar Umma sau biyu, kafin ya zaro sabuwar robar goge fensir daga aljihu, ko ledarta bai ɓare ba. Ya ce shi fa shekara ashirin da biyu yana aiki bai taɓa goge layi ɗaya ba, amma fensir ne, fensir kuwa an yi shi ne don masu kuskure irinsa.

Malama ta dubi robar, ta dube shi.

"Mayar da ita aljihu," ta ce. "Ƙaryata ce, ni na yi ta, ni zan ɗauki abata. Ban fito daga gidan da ake sa ni ƙarya ba don in sa wani."

Ya mayar, ya ce to, ya juya ya tafi, har ya yi karo da mai gadin makaranta. Da ta gaya wa Barista, matar ta dafe kai ta ce a shekara goma sha biyar na aikinta ba ta taɓa haɗuwa da masu gaskiyar da suka ba ta ciwon kai kamar su biyun nan ba.

Sha ɗaya da kwata masinja ya kira su.

Alƙalin dattijo ne mai tabarau a kan karan hanci, yana rubuta komai da hannunsa, a hankali, kamar biron na aro ne. Manaja yana gefe cikin farar riga mai guga, fuskar nan a sanyaye, irin fuskar da ta sa shekara bakwai babu wanda ya yarda da Malama. Ya gaida Umma har da russunawa. Umma ta amsa, don ta saba.

Aka rantsar da Mai Haƙori. Barista ta bi da shi a hankali. Ya faɗi ranar da Malama ta zo, ya faɗi yadda ya ga dasashin, da tsagar da ke cikin leɓen sama. Ya buɗe kwali ya fito da zubin, magatakarda ya karɓa da yatsu biyu kamar zai cije shi.

Sai lauyan Manaja ya miƙe. Dogo ne mai murya kamar rediyo, kuma ya riga ya san abin da ke ƙarƙashin zubin, domin doka ta sa an nuna masa tun kafin zama. Ya kife shi, ya miƙa wa shaida, ya ce ya karanta wa kotu da ƙarfi.

Mai Haƙori ya gyara tsayuwa. Zufa ta tsattsafo a sanƙonsa.

"Ta ce ta zame a banɗaki."

"Rubutun wa?"

"Nawa ne."

Lauyan ya juya ya dubi jama'a kamar wanda ya ci kyauta. Sannan ya tambayi shaida ko gaskiya ne yana neman auren wannan mata. Mai Haƙori ya ce gaskiya ne, in an ba shi. Wani ya yi dariya a baya. Lauyan ya ce to kotu ta gani: ranar da babu soyayya, banɗaki ne, yau da soyayya ta shigo, banɗakin ya zama mutum.

Mai Haƙori ya nemi izinin ƙarin bayani. Ya ce akwai zubi na biyu a kwalin, na bayan wata takwas, ranar da aka dawo masa da haƙoran a karye gida biyu. A ƙarƙashinsa an rubuta: ta ce ƙofa ta buge ta.

"Ranka ya daɗe, ni dai ba likita ba ne," ya ce. "Amma tunda nake ban taɓa ganin gidan da banɗaki da ƙofa suka haɗa kai a kan baki ɗaya ba."

Alƙali ya ce ya tsaya kan abin da aka tambaye shi. Amma ya rubuta, kuma Malama ta lura ya daɗe yana rubutawa.

Sai aka kira ta.

Daga benci zuwa wurin tsayuwar shaida taku takwas ne, ta ƙirga tun zaman farko. Barista ta koya mata: ta dubi alƙali, kada ta dubi Manaja, ta amsa abin da aka tambaya, in numfashi ya sarƙe ta nemi ruwa, ba laifi ba ne. Ta yi rantsuwa. Ta ba da labarin ranar ba tare da ado ba. Ta ce Manaja ya doke ta ne a kan makullin mota da ya ɓata, daga baya aka same shi a aljihun rigarsa. Ta ce shi da kansa ya kai ta shagon bayan kwana tara, kuma a cikin mota ya sa ta maimaita maganar banɗakin sau uku, kamar yadda take sa yara maimaita karatu, ya zauna a waje yana jiranta da injin motar a kunne.

Lauyan Manaja ya taso a hankali. Ya ce ashe ke nan ta amsa da bakinta ta iya ƙarya. Ta ce ta amsa. Ya ce sau biyu. Ta ce sau biyu a rubuce, waɗanda ba a rubuta ba kuwa sun fi ɗari: ta yi wa uwarta, ta yi wa shugabar makaranta, ta yi wa maƙwabta. Ya ce to me zai sa kotu ta yarda da mai ƙarya ɗari a kan ta ɗari da ɗaya?

"Saboda waɗancan duk shi na kare da su," ta ce. "Wannan ba ta kare kowa ba, ko ni. Ka dubi fuskar yayana ka gani."

Mutane suka waiwaya. Yaya Babba ya sunkuyar da kai kan wayarsa.

Lauyan ya sauya hanya. Ya ce shi dai ga mace a gabansa, kyakkyawa, murmushinta cikakke, ko tabo babu. Ana ta maganar farar ƙasa da fensir, amma wa ya tabbatar zubin nan ma na bakinta ne? Shagon cike yake da irinsu.

Wannan kuwa laifin Mai Haƙori ne. Aikin ya yi kyau fiye da kima. Har ɗan rawayan da ke jikin sauran haƙoranta sai da ya kwaikwaya, kuma ko Umma, da aka gaya mata, cewa ta yi ai ba a ganewa, alhamdu lillahi, magana ta wuce.

Shekara uku babu mahaluƙin da ya ga Malama ba tare da haƙoran ba, in ban da wanda ya yi su, shi ma a kujerar aiki, kafin ya fara sayen turare. Ko wanke su za ta yi sai ta kulle ƙofa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta buɗe jaka ta ciro farin hankici, ta shimfiɗa a kan katakon gabanta. Ta sa yatsu biyu a baki, ta zare haƙoran, ta ajiye su a kai. Sannan ta ɗaga kai ta dubi alƙali, ta buɗe leɓɓanta.

Kotun ta yi tsit, har ana jin kukan fanka.

Magatakarda ya kawo zubin kusa. Giɓi ɗaya ne, wuri ɗaya, har da ɗan karkacewar haƙorin gefe. Alƙali ya sauke tabarau, ya duba wannan, ya duba wancan. Ya ce tana iya mayarwa.

"Ranka ya daɗe, bari in ƙarasa a haka," ta ce. Iska na bi ta giɓin, kowace kalma da ɗan fito a bayanta, amma ba ta rage murya ba. "Haka ya bar ni, haka nake so a ji ni."

Ta ce akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba, ko Barista. Wata uku da suka wuce haƙorin Lele na gaba ya fara girgiɗi, irin na yara masu famfara. Yarinyar ta ɓoye, ta daina cin abu mai tauri, ta daina dariya. Ranar da ya fita, Malama ta same ta a bayan ƙofa ta dunƙule shi a hannu tana rawar jiki.

"Ta ce min, Mama, wallahi ban yi laifin komai ba, kada ki gaya wa Baba. Tana da shekara uku aka yi abin, na ɗauka ba ta gani ba. Ashe ita a saninta, haƙori ba ya fita sai an yi wa Baba laifi." Ta sake duban alƙali. "Ranka ya daɗe, saura goma sha tara a bakinta da za su fita. Ina so su fita a inda za a yi mata dariya a ce ta girma."

A bayanta wani sauti ya fito, kamar an taka kyanwa. Umma ce, ta toshe baki da mayafi.

Lauyan Manaja ya duba takardunsa, ya juya su, bai sami abin da yake nema ba. Ya koma kan tsohuwar hanya. Ya ce ta faɗa wa kotu, eh ko a'a, tana son shaidan nan da ya gabata?

Barista ta fara miƙewa za ta hana. Malama ta riga ta.

"Eh. Ina son sa."

Ba ta waiwaya ba, amma ta ji ƙarar kwali ya faɗi ƙasa, ta kuma ji takun Yaya Babba yana fita.

Alƙali ya yi rubutu na kusan rabin awa, babu wanda ya yi tari. Da ya ɗago, ya karanta da muryar mai karanta jerin kayan gini. Ya ce son da ke tsakanin shaida da wadda ake ƙara bai taɓa rubutun da aka yi shekara uku da suka wuce, tun kafin son, ba, kuma kotu ta ga bakin da idonta. Riƙon yarinya yana wurin uwarta. Uba zai gan ta sau biyu a wata, a ofishin jami'ar kula da yara, a gaban jami'ar. Ba zai je makarantar da uwar ke aiki ba, ba zai je ƙofar gidansu ba. Mai ja da hukuncin yana da kwana talatin ya ɗaukaka ƙara.

Manaja ya miƙe, fuskar nan mai sanyi ta tafi, wata ta zo, wadda Malama kaɗai ta sani a da. Yau kowa ya gan ta. Lauyansa ya riƙe masa hannun riga yana yi masa raɗa.

Malama ta ɗauki haƙoranta, ta juya wa jama'a baya, ta mayar, ta ninke hankicin gida huɗu. Barista ta riƙe ta har baranda, tana cewa ta yi murna amma kada ta saki jiki, mutumin nan zai ɗaukaka, kuma don Allah nan gaba in akwai labari irin wannan a riƙa gaya wa lauya.

Yaya Babba yana jiran su a bakin matakala, makullin mota a hannu. Ya ce Umma ta zo su tafi. Ita kuwa wannan, ya nuna Malama da haɓa, ta zaɓa, ya kuma gaya mata tun jiya. Yanzu zai kira Mai Gidan Mai ya ba shi haƙuri.

Umma ba ta motsa ba. Ta tsaya tana kallon bakin 'yarta, kamar yau ta fara ganinsa. Ta ɗaga hannu ta taɓa leɓen sama da ɗan yatsa, a hankali.

"Da zafi?" ta ce.

"Ya daina, Umma. Tuntuni."

Umma ta gyaɗa kai. Ta gyara mayafinta, ta leƙa bayan Malama, can inda wani mutum yake tsaye jikin ginshiƙi, ya rasa inda zai sa hannuwansa tunda kotu ta riƙe masa kaya.

"Kai, bawan Allah. Matso nan."

Ya matso, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara.

"Kana da manya?"

Ya ce yana da kawu, sai dai ba ya ji sosai.

"Ba ji zai zo yi ba, magana zai zo yi. Ka turo shi ranar Asabar."

Yaya Babba ya ce, "Umma, wurin wa zai zo? Ni na riga na rantse."

"To ka ji da rantsuwarka," Umma ta ce, ta kama hannun 'yarta ta fara sauka matakalar. "Ni na haife ka, kuma gidan mijina ne. Buɗe mana mota, Lele ta kusa tashi daga makaranta."